Ƙwallon Ƙaya Da Ya Rikita Masana Shekara 125

Mai karatu, a ce an miƙa maka ɓallin dutsen ƙyastu, siriri har haske na ratsa shi, ka sa a madubin hangen ƙananan halittu, sai ka ga wani ƙwallo mai ƙayoyi ko'ina kamar ƙarangiya. Sai an jera kusan ashirin irinsa kafin su cika milimita ɗaya. Me za ka ce ka gani? Tsiro ne ko dabba?

Abin da ya sami Christian Ehrenberg ke nan, wani masani Bajamushe, a 1836. Dutsen nasa ya haura shekara miliyan 66. A ciki ya ga abu iri biyu. Na farko ya gane shi nan take: dinofilajelet ne, wata halittar ruwa mai ƙwaya ɗaya da ke iyo da bulala biyu tana juyawa, jikinta lulluɓe da faranti-faranti na sulke. Na biyu, mai ƙayar, sai ya jingina shi da wani gansakukan ruwan daɗi da ake kira Xanthidium. Amsa na zaune gefen tambaya a dutse guda, amma ido bai haɗa su ba.

Daga nan aka shiga ruɗani. Ehrenberg ya ɗauka jikin ƙwallon na dutse ne. Gideon Mantell, likitan nan na Ingila da ya gano dabbar Iguanodon, ya nuna a 1845 cewa jikin mai lanƙwasuwa ne, kuma a 1850 ya raɗa masa suna Spiniferites. Wasu suka ce ai ƙwan ƙananan dabbobin teku ne. A 1933 Otto Wetzel ya ba shi sabon suna, Hystrichosphaera. Sunaye na ta yawa, asali kuwa shiru. Da kai ne, ba za ka haƙura ka ce halitta ce da ta ƙare tun fil azal ba?

Sai ga William Evitt, Ba'amurke da ke aiki a ɗakin binciken wani kamfanin mai a garin Tulsa. Kowa ƙayoyin ke ɗauke masa hankali. Shi kuwa sai ya tsura wa wani rami ido, ramin da ke jikin ƙwallayen da yawa, wanda kallon farko zai ce fashewa ce kawai. Ya lura bakin ramin na da kusurwoyi tsaf, kuma a wuri guda yake fitowa a kowane jinsi. Fashewa tana zaɓen wuri? Ya ƙirga ƙayoyin wasu, ya duba mazauninsu, sai ya ga sun dace da tsarin farantan sulken dinofilajelet, ramin kuma siffar faranti ɗaya ko fiye da aka ɗauke.

A 1961 ya bayyana abin da ya fahimta. Ƙwallon ɗakin barci ne. Dinofilajelet kan gina ƙwanso mai tauri a cikin sulkenta, ta nutse ƙasan teku ta kwanta. In lokaci ya yi, ta buɗe wannan ƙofa ta fice. Sulken yakan ruɓe, ƙwanson ya daɗe miliyoyin shekaru. Hujja ce mai ƙarfi, amma wa ya taɓa ganin fitar da idonsa?

Nan David Wall da Barrie Dale suka shigo, a cibiyar binciken teku ta Woods Hole da ke jihar Massachusetts, cikin shekarun 1960. Suka ɗebo laka daga ƙasan teku, suka tace, suka riƙa tsinto ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya da siririn bututun gilashi. Kowanne aka sa shi a ɗan ruwan teku, aka ba shi haske da ɗumi, aka zuba ido. Mai karatu, ka yi tunanin mutum ya zauna yana jiran abin da littattafai suka lissafa cikin kasusuwan tarihi ya motsa. Za ka iya wannan haƙuri?

Ya kuwa motsa! Ƙofar ta buɗe, wata halitta ta sulalo, ta kama iyo, ta yi sulke. Da aka duba, ashe Gonyaulax ce, wadda masana halittun teku suka daɗe da sani. Masu duwatsu na riƙe da ƙwanso, masu teku na riƙe da mai ƙwanson, kowa da sunan da ya ba nasa, ba wanda ya leƙa gidan ɗan'uwansa.

Yau da waɗannan ƙwansuna ake gane shekarun duwatsu yayin haƙar mai, har a yankin Neja Delta, domin kowane zamani da irin nasa. Sunan Wetzel ya faɗi, na Mantell ya dawo saboda shi ya riga. Amma har gobe halitta ɗaya na yawo da suna biyu: Spiniferites in tana barci, Gonyaulax in ta farka. Da kai aka ba alƙalanci, mai karatu, wanne za ka soke?