Gurbin Bincike Bayan Digirin Digirgir

Da yawa daga cikin malaman jami'o'inmu na ɗaukar gurbin fosdok a matsayin wani ƙarin karatu. Alhali aiki ne na ɗan wa'adi, galibi shekara ɗaya zuwa uku, da ake bai wa wanda ya kammala digiri na uku, ana biyansa albashi ko alawus. Babu jarrabawa a cikinsa, babu kwalin digiri a ƙarshensa. Abin da mutum zai fito da shi kawai shi ne maƙalun da ya wallafa da kuma masanan da suka san aikinsa.

A fannonin kimiyya irin su sinadarai da nazarin ƙwayoyin halitta, yawanci wani farfesa ne ya samo tallafin bincike, yana neman hannu a ɗakin gwaje-gwajensa. Shi ya tsara tambayar, kai za ka nemo amsar, kuma ranar da kuɗin ya ƙare aikin ya ƙare. A kimiyyar zamantakewa kuwa, kamar tattalin arziki ko nazarin siyasa, an fi barin mutum ya zo da nasa ƙudurin, sau da yawa don ya mayar da kundin digirinsa littafi.

Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne batun mai masauki. Gidauniyar Alexander von Humboldt ta Jamus tana da tallafin Georg Forster ga masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, har da Najeriya da Nijar, na wata 6 zuwa 24, ga wanda bai wuce shekara 4 da kammala digirinsa ba. Sharaɗin shi ne ka nemo malamin da zai karɓe ka a Jamus da kanka. Tallafin Marie Curie na Tarayyar Turai ma haka yake: kai da jami'ar da za ta karɓe ka kuke shigar da buƙata tare, kuma bai kamata ka haura shekara 8 kana bincike bayan digirin ba.

To, a nan sai ka ga mutum ya rubuta wasiƙa guda, ya aika wa farfesoshi hamsin, ko sunayensu bai canza ba, ya cika ta da yabo da kukan rashin kayan aiki. Irin wannan ko buɗe ta ba a cika yi ba. Wadda ake amsawa gajera ce. Takan ambaci wata maƙala ta farfesan, ta nuna inda ta haɗu da aikin mai nema, sannan ta faɗi abin da zai kawo wanda babu shi a can, misali bayanan ƙasar noma da ya tattara a Jigawa, ko hirarrakin da ya yi da 'yan kasuwar Maraɗi.

Shekarun nan 4 da 8 da tallafin biyu suka gindaya ana ƙirga su ne daga lokacin kammala digiri. Don haka, malam, idan kana gab da kare kundinka, fara neman mai masauki tun yanzu, ka kuma tuntuɓi jami'arka kan batun hutun bincike da wuri.