Yadda Za Ka Gano Abin Da Ke Damun Ganyen Shukarka Da Wayar Hannu

Tsadar kayan miya ta sa matasa da yawa sun koma shuka tumatir, attaruhu da tattasai a cikin buhu ko bokiti, wasu a tsakar gida, wasu a baranda ko gefen taga. Sati uku ko huɗu na farko komai kan tafi daidai. Daga nan sai ka wayi gari ka ga ganye ya fara rawaya, ko wasu ɗigo-ɗigo sun fito masa. Abin da mafi yawan mutane ke yi a nan shi ne su ƙara taki ko su sayo maganin feshi, alhali ba su san ainihin matsalar ba. Sau da yawa hakan ne ke ƙarasa shukar.

A wannan darasi za mu ga manhajojin da ke taimakawa wajen gano ciwon shuka, yadda ake ɗaukar hoton da zai yi amfani, da kuma alamomin da ya kamata ka iya karantawa da idonka.

Manhajojin da za ka iya gwadawa

Plantix manhaja ce da kamfanin PEAT na ƙasar Jamus ya ƙirƙira, ana samunta kyauta a Play Store. Ka ɗauki hoton ganye ka tura, sai ta kwatanta shi da ɗimbin hotunan da aka horar da ita a kansu, ta faɗa maka cutar da take zato da yadda ake maganinta. Tana buƙatar data kafin ta ba da amsa.

Sai PlantVillage Nuru, wadda Jami'ar Penn State ta Amurka ta samar tare da haɗin gwiwar cibiyoyi irin su IITA da ke Ibadan. An fi saninta da gano cututtukan rogo da ɓarnar tsutsar da ke cin masara, kuma tana aiki ko babu intanet bayan an sauke ta.

Akwai kuma Google Lens. Ta fi ƙwarewa wajen faɗin sunan shuka ko na ƙwaro, amma ba a gina ta musamman don cututtukan gona ba, don haka amsarta a kan tabon ganye ba abin dogaro ba ce sosai.

Dukkansu hoto kawai suke gani. Ba su san sau nawa kake ban ruwa ba, ba su san takin da ka zuba jiya ba, ba su kuma ga saiwa ba. Ka ɗauki amsarsu a matsayin zato na farko, sannan ka tabbatar da kanka.

Yadda ake ɗaukar hoton da ya dace

Ka goge gilashin kyamara tukuna. Ka ɗauki hoton da safe ko da yamma, a wuri mai haske amma ba cikin tsakiyar rana ba. Ka kashe filasha da duk wani tsarin ƙawata hoto, domin suna canza launi, ganye mai rawaya ya koma kore shar a allo. Idan kana amfani da fitilar shuka mai haske ja da shuɗi, ka kashe ta ko ka fito da shukar waje, don a ƙarƙashinta ko idon mutum ba ya bambance launin ganye.

Hoto uku ya kamata ka ɗauka: na shukar gaba ɗaya, na saman ganyen da ya kamu, da na bayansa. Ka sa farar takarda a baya, ka taɓa allo a kan tabon don kyamara ta mayar da hankali wurin. Idan wayarka tana da kyamarar ɗaukar abu na kusa-kusa, nan ne amfaninta.

Tambaya ta farko: wane ganye ne ya fara?

Wannan ita ce tambayar da ke warware rabin matsalar. Wasu sinadarai, wato naitirojin, fosforas, potasiyam da magnesiyam, shuka na iya kwashe su daga tsohon ganye ta kai wa sabo. Shi ya sa idan sun yi ƙaranci, ganyen ƙasa ne ke fara nunawa. Kalsiyam da ayon kuwa inda suka zauna nan suke tsayawa, don haka ƙarancinsu a sabon tofo yake bayyana.

A ganyen ƙasa:
Idan ganyen ya koɗe ya yi rawaya gaba ɗaya har da jijiyoyinsa, kuma shukar ba ta girma, naitirojin ne ya yi kaɗan.
Idan jijiyoyin suna nan kore amma tsakaninsu ya yi rawaya, magnesiyam ne.
Idan bakin ganyen ya bushe ya yi ruwan ƙasa kamar wuta ta lashe shi, potasiyam ne.
Idan ganyen ya yi kore mai duhu, bayansa da karan suka yi shunayya, fosforas ne.

A sabon tofo:
Rawaya a tsakanin jijiyoyi, wani lokaci har ganyen ya kusa yin fari, alamar ƙarancin ayon ce.
Tofo mai murɗewa yana bushewa, ko ɗan tumatir da gindinsa ya yi baƙi ya lotsa, kalsiyam ne bai kai wurin ba. Yawanci ba wai babu shi a ƙasar ba ne, ban ruwa ne ba ya tafiya daidai: yau ƙasa ta bushe ƙayau, gobe ta yi caɓa-caɓa.

Yunwa ce ko cuta?

Ƙarancin sinadari kan bi tsari. Ɓangaren dama da na hagu na ganyen sukan yi kama da juna, kuma ganyayen da suke sa'annin juna sukan nuna alama iri ɗaya. Cuta kuwa tabo take yi nan da can, tana yaɗuwa daga ganye zuwa ganye.

Tabo mai ruwan ƙasa da zobe-zobe a cikinsa, zagaye da rawaya, a kan tsofaffin ganye, aikin ƙwayar funfuna ce da ake kira Alternaria. Ƙananan ɗigo masu yawa, tsakiyarsu ruwan toka, bakinsu baƙi, Septoria ce. Ɗigo baƙaƙe masu kama da an ɗiga mai, waɗanda ke fitowa har a jikin 'ya'yan, galibi bakteriya ce. Duka ukun suna son danshi, kuma ruwan da ke fantsama daga ƙasa zuwa ganye na yaɗa su. Ka cire ganyen da ya kamu ka jefar nesa, ka riƙa zuba ruwa a gindin shuka kawai, ka ba buhunan tazara don iska ta ratsa.

Ka duba bayan ganye

Nan ƙwari ke ɓuya. Ɗigo ƙanana farare kamar an tsattsaga da allura, tare da siririyar saƙa, aikin wasu mitsi-mitsin ƙwari ne dangin gizo-gizo, waɗanda ke yawaita lokacin zafi da bushewar iska. Ka kakkaɓe ganyen a kan farar takarda, ka kusanto da kyamara, za ka ga suna motsi. Idan ka girgiza shuka fararen ƙudaje ƙanana suka tashi, ka kula, domin su ne ke ɗauko cutar da ke sa ganyen tumatir ya naɗe ya ƙanƙance. Wannan ba ta da magani, sai dai a tumɓuke shukar.

Idan kuma ka ga wani fili a jikin ganye ya yi fari kamar leda, da baƙin kashi a ciki, tsutsar Tuta absoluta ce, wadda manoma ke kira Sharon. Ita ce ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a shekarar 2016. Ka ɗaga ganyen saitin haske, za ka hango tsutsar a ciki.

Kafin ka ƙara taki

Abubuwa uku kan yi kama da yunwa alhali ba ita ba ce. Na farko yawan ruwa: saiwar da ta nutse ba ta samun iska, ba ta iya shan abinci ko da yana nan. Ka tabbatar buhun ko bokitin yana da huji a ƙasa, kuma ka soka yatsa cikin ƙasar kafin ka zuba ruwa.

Na biyu yawan taki. Yuriya tana ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin 100, ɗan kaɗan ke ƙona shukar da ke cikin bokiti. Alamarsa ita ce tsinin ganye ya ƙone, farin gishiri ya taru a saman ƙasa. Maganinsa a zuba ruwa da yawa har ya riƙa fita ta ƙasa.

Na uku tsamin ƙasa, wanda ake aunawa da ma'aunin pH. Tumatir ya fi son tsakanin 6.0 da 6.8. Idan ya haura 7 sosai, kamar yadda yawan zuba toka ke jawowa, ayon kan kulle a cikin ƙasa shuka ta kasa shansa. Kyamarar waya ba ta auna wannan, sai da takardar gwaji ko ƙaramar na'urar awo.

Haske ma haka ne. Tumatir da barkono suna son rana ta awa 6 zuwa 8 a yini. Shukar da ta yi tsawo siririya tana karkata wajen taga, rana take nema, taki ba zai gyara ta ba.

Bayan ka yi gyara

Abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, don ka san wanda ya yi aiki. Ka buɗe wa shukar jaka ta musamman a wayarka, ka riƙa ɗaukar hotonta daga wuri ɗaya duk bayan kwana uku, kana rubuta ranar da ka zuba taki ko ka yi feshi. Ganyen da ya riga ya ƙone ba zai dawo ba, sabon tofo za ka sa wa ido. Idan ya fito kore lafiyayye cikin sati ɗaya ko biyu, gyaran ya karɓa. Idan abin na ci gaba da yaɗuwa, ka kai wa malamin gona hotunan tare da ganye ɗaya a cikin leda kafin ka sayi kowane magani.