Haruffan Yunaniyawa a Rigar Ɗalibi: Abin da Ya Inganta da Abin da Bai Inganta Ba

Tun da cacar bizar Amurka ta buɗe wa mutanen Togo ƙofa, har gidaje da yawa na Agwe Zongo da ke arewacin Lome suka zama suna da ɗa ko jika a Bronx ta birnin New York, wata magana ta riƙa yawo a majalisun bayan La'asar da wuraren suna, cewa wai yaran da suka shiga jami'o'in can ana jan su cikin waɗansu ƙungiyoyi masu sunaye da haruffan Yunaniyawa, a ɗaure su da rantsuwar jini, a raba su da salla, kuma wai ƙungiyoyin rassa ne na 'yan Firimason. Da yake an umurce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi, ya kamata a duba isnadin wannan magana da mataninta, domin gaskiya da ƙarya sun cakuɗe a cikinta.

Ƙungiyoyin dai akwai su, kuma ba a ɓoye suke ba. Ta farko da ta ɗauki haruffan Yunaniyawa ita ce Phi Beta Kappa, wadda ɗalibai suka kafa a Kwalejin William da Mary ta jihar Virginia a 1776 domin muhawara da zumunci, daga nan al'adar ta bazu, maza da tasu, mata da tasu. Sai dai da yawa daga cikin tsofaffin, har zuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sun rubuta a dokokinsu cewa ba sa karɓar kowa sai Bature Kirista, saboda haka baƙar fata da Bayahude da mutumin Latin Amurka, ko da ya fi kowa hazaƙa a aji, in dare ya yi shi kaɗai yake komawa ɗakinsa. Wannan wariya ce ta haifi waɗanda muke bahasi a kansu. Baƙaƙe bakwai suka kafa Alpha Phi Alpha a Jami'ar Cornell a 1906, wadda daga baya Martin Luther King ya shiga; Alpha Kappa Alpha ta mata, wadda Kamala Harris take ciki, ta tashi a Jami'ar Howard a 1908, Phi Beta Sigma kuma a 1914. Wannan ta ƙarshe ita ce Nnamdi Azikiwe ya shiga yana ɗalibi, haka ma Kwame Nkrumah na maƙwabtanmu sa'ad da yake karatu a Jami'ar Lincoln, kuma ba mu ji an ce ƙungiyar ce ta hana su komowa gida su nemi 'yancin ƙasashensu ba.

Masu jin harshen Sifaniyanci sun bi sahu. An kafa Phi Iota Alpha a garin Troy na jihar New York a 1931, amma bunƙasar gaske sai a 1975, lokacin da Lambda Theta Phi ta maza da Lambda Theta Alpha ta mata suka tashi a Kwalejin Kean ta jihar New Jersey, sannan Lambda Upsilon Lambda a Cornell a 1982, da Sigma Lambda Beta a Jami'ar Iowa a 1986. A 1981 kuwa waɗansu 'yan mata a Jami'ar Rutgers suka kafa Mu Sigma Upsilon, wadda tun daga tushe manufarta ita ce tara 'ya'yan al'ummu dabam dabam a inuwa ɗaya. Don haka masu cewa ƙungiyoyin Latino na 'yan Latino ne kurum, kuma yaron Zongo da aka gani a cikinsu lalle yaudararsa aka yi, sun yi kuskure, domin a ƙa'idarsu ƙofa a buɗe take ga kowane launi.

Amma mene ne ke kai yaro can? Mutumin Zongo ya fi kowa cancantar gane amsar, domin kakanninmu da suka sauko Lome da shanu daga ƙasar Hausa ba su sauka a titi ba, gidan maigida suka nufa, shi ya ba su masauki, ya tsaya musu a ciniki, ya lamunce su wurin bashi. Kuma da hukuma ta rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari a 1977 aka mai da jama'a arewacin birni, wannan zumuncin ne ya tsira bayan gine-gine sun faɗi. Ɗalibin da iyayensa baƙi ne, wanda sau da yawa shi ne na farko a zuriyarsu da ya taka jami'a, ba shi da wanda zai nuna masa yadda ake neman tallafin karatu, ko wane malami ake kusanta, ko yadda ake rubuta takardar neman aiki. A ƙungiya yake samun yayye da suka riga shi bin hanyar, da tsofaffin 'yan ƙungiya da suka kama aiki suna iya yi masa hanya, da mutanen da ba sai ya yi musu bayanin dalilin aika kuɗi gida daga ɗan abin da yake samu ba. Galibinsu ma suna sharɗanta wani matsayi na maki kafin a shiga, suna kuma wajabta aikin gayya a unguwanni.

Ina zaton yawancin tsoron daga Nijeriya ya ƙetaro mana, kuma can ɗin tsoron yana da hujja. Wole Soyinka da abokansa shida sun kafa Pyrates a Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1952 da niyyar yaƙar ƙabilanci da girman kan 'yan boko, amma waɗanda suka biyo baya, irin su Buccaneers da Eiye da Black Axe da ta fito daga Jami'ar Benin a 1977, suka rikiɗe zuwa gungun masu makamai, har aka kashe ɗalibai biyar a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife ranar 10 ga Yuli, 1999. Ƙiyasta na Amurka da waɗannan ƙiyasi ne mai rauni, domin na Amurka suna da rajista a ofishin jami'a, sunayen shugabanninsu sananne ne, jami'a kuma tana dakatar da reshen da ya saɓa doka. Batun Firimason kuwa yana da ɗan tushe: na farkon sun ari musafahar sirri da kalmomin gane juna daga gare su, har akwai wata mai suna Acacia da aka kafa a Michigan a 1904 domin 'yan Firimason. Amma aron salo dabam, zama reshe dabam, kuma ƙungiyoyin Latino da na al'ummu gauraye ba sa ƙarƙashin kowace majalisar Firimason.

Inda jita-jitar ta yi gaskiya, har ma ba ta kai ga faɗin munin abin ba, shi ne azabtar da sababbin shiga da sunan gwajin juriya: duka, hana barci, tilasta shan giya. Ƙungiyoyin tsiraru ba su kuɓuta daga wannan ba. A Disamba 2013 wani ɗalibin Kwalejin Baruch ta New York ya rasu a duwatsun Pennsylvania a irin wannan gwaji na Pi Delta Psi, ƙungiyar 'yan asalin Asiya, kotu kuma ta kama ƙungiyar kanta da laifi. Manyan ƙungiyoyin baƙaƙe sun haramta tsohon tsarin gwajin tun 1990, amma samari suna ci gaba da shi a ɓoye, shi ya sa uban da ɗansa ya ce masa ƙungiyarsu ta hana, bai kamata ya tsaya a nan ba.

Game da addini, fatawa ta malamai ce, amma a ganina asalin haɗa kai da wanda ba Musulmi ba domin taimakon raunana ba abin zargi ba ne, tun da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarci Hilful Fudul a gidan Abdullahi ɗan Jud'an yana matashi, ya kuma yabe shi bayan aiko shi. Shubuhar tana cikin lafazin rantsuwar shiga, da addu'o'in da waɗansu suka gada daga coci, da shagulgulan giya da cakuɗuwa. Waɗannan ne ya wajaba a tambayi yaro ɗaya bayan ɗaya. Musulmin can ma ba su zauna ba: Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi tana nan tun 1963, a 2013 kuma samari a Jami'ar Texas ta Dallas suka kafa Alif Lam Mim a kan wannan tsari na 'yan'uwantaka, ba giya, ba azabtarwa. Sannan tun Disamba 2024 dokar tarayyar Amurka ta wajabta wa jami'o'i su riƙa bayyana ƙungiyoyin da aka samu da laifin azabtarwa, saboda haka uba a Agwe yana iya sa a buɗe masa shafin jami'ar ɗansa a waya, ya nemi sunan ƙungiyar da kansa kafin ya ba da izini.