Babban Rim A Kan Tsohuwar Fijo 504

Masu gyara tsohuwar Fijo 504, haɗin Kaduna, ku matso kusa. Rim ɗinta na asali inci 14 ne. In ka sa babba, sai robar gefen taya ta ragu don tsayin ƙafar ya zauna yadda yake, in ba haka ba mitar gudu ta riƙa yi maka ƙarya. 185/70 R14 da 195/60 R15 tsayinsu kusan ɗaya ne.

Ni dai a 15 nake tsayawa. Inci 17 da siririyar taya? Rami ɗaya a titin Sakkwato ya isa ya lanƙwasa rim ɗin. Sannan tazarar notinta 4x140 ce, na Corolla ba zai shiga ba. Bakanike ya auna kafin ka biya.