Yakuwa da Tsawon Dare

A arewacin Jihar Kano, wajajen Ɗambatta da Bichi, inda gona ke manne da gona, manomi ba ya barin ko taku ɗaya na ƙasa a banza. Shi ya sa akan jera yakuwa a kan iyakokin gonaki. Jan ɓawon da ke rungume da gindin furenta shi ne zoɓon da ake sha, har ma ana fitar da shi zuwa ƙasar Meziko.

Abin mamaki shi ne, yakuwar da aka shuka a watan Yuni da wadda aka shuka a Agusta kusan lokaci guda suke fure, wato daga ƙarshen damina zuwa kaka. Dalili kuwa, ba shekarunta take dubawa ba, tsawon dare take aunawa da ganyenta. Sai dare ya fara tsawo sannan ta daina miƙa ta shiga fure. Wasu masana biyu na Amurka, Garner da Allard, su suka bayyana wannan ɗabi'a ta tsirrai a 1920, bayan bincike a kan taba da waken soya.

Saboda haka wanda ya makara da shuka, lokacin fure zai riski yakuwarsa tana gajeruwa, rassa kaɗan, zoɓo kaɗan. Gaggawa ma da nata haɗarin, domin ruwan farko na Mayu yakan ɗauke, tsiro ya ƙone. A jira ƙasa ta jiƙa sosai a watan Yuni tukuna.