Jita Mai Kunne Ɗaya: Yadda Maganaɗisu Ke Jin Kiɗa

Kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos ƙoƙonsa ke ƙara masa amo. Ita kuwa jitar lantarki kunne gare ta, watau maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, zagaye dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai ɗan lantarki ya gudana cikin wayar, a ƙarfafa shi, lasifika ta mayar da shi sauti. Michael Faraday ya gano wannan ƙa'ida a 1831.

Fender Esquire ta 1950 da Gibson Les Paul Junior ta 1954 kunne ɗai-ɗai gare su, amma har yau makaɗa na nemansu, domin babu maɓallin sauya kunne, sai gwanintar yatsu. Ɗalibin Kazaure ko Roni da ya fahimci kunnen nan ya fahimci janareta, gama ƙa'idarsu ɗaya ce.