“A Yi Mini Allura”: Abin da Mai Asma da Abokin Ɗakinsa Ya Kamata Su Sani

Da zarar Nuwamba ta tsaya a Zariya, iskar hunturu ta fara buso ƙura, za ka ga masu asma a cikinmu sun shiga wani hali. Mu da muke zaune a Samaru da Sabon Gari, muna bin hanyar Kwangila da PZ safe da yamma cikin hayaƙin Keke da bas, mun fi kowa sanin haka. Ni ma mai asma ne tun ina sakandare, kuma akwai wata magana da na sha ji daga bakin ɗalibai idan numfashin wani ya sarƙe da dare: “A kai shi kemis a yi masa allura, yanzu zai ware.”

A kan wannan allurar nake so mu tattauna. Mutanenmu sun ɗauka allura ta fi kowane magani ƙarfi, har ma wasu na ganin likitan da bai rubuta allura ba bai yi aiki ba. To a asma dai abin ba haka yake ba. Allurorin asma suna da amfani, amma wurinsu asibiti ne, inda akwai mai sa ido. A wajen asibiti suna iya zama ƙarin masifa a kan wadda ake ciki.

Me ke faruwa a ƙirji?

Iskar da muke shaƙa tana bin wasu ƙananan bututu ne zuwa cikin huhu. A jikin mai asma waɗannan bututu suna da saurin fushi. Idan suka haɗu da abin da ba sa so, abubuwa uku ne ke faruwa: naman da ya kewaye su ya tsuke, cikinsu ya kumbura, majina kuma ta taru. Shi ya sa kake jin wannan ƙara mai kama da fito, ga tari, ga ƙirji kamar an ɗaure shi da igiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da asma a duniya, kuma ta yi ajalin mutum 455,000, yawancinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu. Ba a ɗaukar ta daga wani, ba kuma iska ba ce ko sammu.

Tunda matsalar a hanyar numfashi take, maganin da aka shaƙa shi ne ke zuwa wurin kai-tsaye. Inhela mai ruwan bula, wato salbutamol da aka fi sani da Ventolin, tana fara buɗe hanya cikin 'yan mintoci. Allura kuwa sai ta zagaya cikin jini, ta ratsa zuciya da ƙwaƙwalwa da ciki, kowanne kuma sai ya ji a jikinsa.

Aminofilin: tsohuwar allura mai wuyar sha'ani

Wannan ita ce da yawa suke nufi idan sun ce “allurar asma”. Danginsu ɗaya da sinadarin da ke cikin goro da kofi mai hana barci. Matsalarta ita ce tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa tazarar ƙanƙanuwa ce ƙwarai. A asibiti a jijiya ake ba da ita a hankali, a ɗauki aƙalla minti 20, bayan an yi lissafi da nauyin mutum. Idan aka tura ta da sauri, ko ta yi yawa, abin da ke biyo baya shi ne tashin zuciya da amai, ciwon kai, rawar jiki, bugun zuciya da sauri ko a hargitse, faɗuwar jini, har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Tana iya kisa.

Ga inda haɗarin ya fi ɓuya. Idan dama kana shan ƙwayar asma mai ɗauke da tiyofilin, irin su Franol, to jininka da maganin a ciki, allurar ƙari za ta yi a kai. Haka idan kana shan Cipro, wanda ake yawan ba mu da sunan taifot, ko eritromaisin: suna hana hanta fitar da maganin da wuri, sai ya taru. Wanda zai yi maka allura cikin duhu da fitilar waya, yana sauri ya rufe shago, yaushe zai tsaya yi maka waɗannan tambayoyi? Saboda irin wannan illa da kuma ƙarancin amfaninta idan an kwatanta da inhela, ƙa'idojin GINA, waɗanda likitocin asma a duniya ke bi, ba su ba da shawarar amfani da ita wajen tashin asma ba.

Haidrokotizon da 'yan uwanta

Waɗannan su ne masu rage kumburi, kuma suna da muhimmanci sosai idan asma ta tashi da ƙarfi. Amma fa ba nan take suke aiki ba, sukan ɗauki kamar awa huɗu kafin a ga canji. Ka ga ke nan wanda aka yi wa haidrokotizon kaɗai aka ce ya je gida ya kwanta, an bar shi da tsukakkiyar hanyar numfashi na tsawon awanni. Sannan ga wanda zai iya haɗiya, ƙwayar firednisolon da likita ya rubuta na 'yan kwanaki tana yin aikin da allurar ke yi.

Akwai kuma masu zuwa a yi musu dekzametazon ko Kenalog duk lokacin da hunturu ya shigo, wai don “ta riƙe su”. Tana riƙewa ɗin, amma da tsada. Yawan maimaita ta na kawo kumburin fuska da ƙiba, hawan jini, hauhawar sukari, raunin ƙashi, lalacewar ƙashin ƙugu, yanar ido, da raunin garkuwar jiki. Mai sikila kuma tana iya tayar masa da ciwo. Duk wannan a kan abin da inhelar rigakafi za ta yi da ɗan ƙanƙanin magani.

Idan jiki ya ƙi allura

Ban da illar yawan magani, akwai wani abu daban: jiki ya yi wa maganin bore gaba ɗaya. Wannan na iya faruwa da kowace allura, ko ta asma ce ko ta zazzaɓi ko fenisilin, kuma ya fi haɗari ga mai asma. Alamominsa su ne ƙaiƙayi da ɓorin jini a fata, kumburin leɓe ko harshe ko fatar ido, shaƙewar murya, numfashi ya ƙara tsukewa maimakon ya saki, jiri, ko suma. Yawanci cikin mintoci yake zuwa. Maganinsa na farko allurar adrenalin ce a cinya, ba Piriton ba, ba madara ba, ba manja ba.

Ko a ƙasashen da suka ci gaba ba wasa ake da wannan ba. Akwai wata allurar zamani mai suna Xolair da aka amince da ita a Amurka a 2003 domin masu asma mai tsanani. A 2007 hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta sa aka manna mata gargaɗi mafi girma, saboda kimanin mutum 2 cikin 1,000 jikinsu na yi mata irin wannan bore, wani lokaci bayan awanni. Shi ya sa ƙwararru suka ce a zaunar da mutum awa biyu a asibiti bayan allurai uku na farko. Ba kasafai ake ganin wannan allura a wajenmu ba saboda tsadarta, amma darasin namu ne: idan allurar da ƙwararre ya rubuta sai an zauna an jira, ina ga wadda aka yi a bayan kanta aka ce “sai da safe”? Ku sani kuma, lasisin masu ƙananan kemis bai ba su izinin yin allura ba tun farko.

Allurar da ba ta asma ba, amma tana tayar da asma

Wannan ne ya fi kama ɗalibai. Ka dawo daga ƙwallo da targaɗe, ko ciwon haƙori ya hana ka barci, ko ke 'yar uwa ciwon mara ya taso, sai a ce a yi diklofenak. Kusan mutum 7 cikin 100 na manya masu asma jikinsu ba ya jituwa da asfirin da danginsa, wato diklofenak, ibufurofen, Feldene da sauransu. Tsakanin rabin awa zuwa awa uku sai hanci ya fara zuba, ido ya yi ja, ƙirji ya kulle. Masu yawan toshewar hanci da rashin jin ƙamshi sun fi shiga wannan rukuni. A kula, da yawa daga magungunan “ciwon jiki” da ake haɗawa a ƙulla a leda akwai waɗannan a ciki. Farasitamol ya fi aminci ga yawancin masu asma.

Akwai kuma furofuranolol, wanda wasu ke sha don faɗuwar gaba kafin jarrabawa ko kare furojet. Ga mai asma wannan ƙwaya tana tsuke hanyar numfashi, ta kuma hana Ventolin aiki. Don haka duk inda za a ba ka magani, tun kafin a tambaye ka ka ce: “Ina da asma.”

Sauran abubuwan da ke tayar da ita a unguwanninmu

Kowa da nasa. Ni nawa ƙura ce da hayaƙin igiyar leko. Ina da abokiyar karatu da ba ta damu da ƙura ba, amma turaren wuta ɗaya ya ishe ta kwana a zaune. Ga waɗanda suka fi yawa a nan.

Na farko hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu: ƙura, busasshiyar iska, da sanyin asuba. Wanda zai hau acaɓa daga Hayin Dogo ko Palladan da sassafe ya sa takunkumi ko ya rufe hanci da baki da mayafi. Bayan girbi kuma ga ƙaiƙayin masussuka da ƙonar gonaki a kewayen Samaru.

Na biyu ɗakunanmu. Ɗaki ɗaya, mutum huɗu, taga a rufe saboda sanyi, risho na ci, ana soya attarugu, janareton maƙwabci na bakin ƙofa. Ƙara da igiyar leko, fiya-fiya, feshin maganin sauro, turaren jiki mai ƙarfi, taba da shisha. Gidan sauro ya fi wa mai asma duk wani hayaƙi ko feshi. Tsohuwar katifa, kafet da ba a kakkaɓewa da kyankyasai suna cikin manyan masu laifi, da damina kuma ga fumfuna a bango. A yayyafa ruwa kafin shara, a riƙa shanya katifa da filo a rana.

Na uku hanya da kasuwa: cunkoson Kwangila, ƙonar bola da tayoyi, wurin masu niƙa da 'yan katako a Sabon Gari. Na huɗu namu ne 'yan kimiyya da fasaha: garin katako, hayaƙin walda, fenti, siminti da sinadaran ɗakin gwaji. Idan ka lura ƙirjinka na sakewa a lokacin hutu, ya kuma kama idan an koma wokshop ko wurin SIWES, gaya wa likita da malaminka. Sai kuma mura, da fargabar jarrabawa da rashin barci. Motsa jiki ma yana tayar wa wasu, amma wannan ba dalilin barin fili ba ne, shaƙar inhela kafin a fara yakan wadatar.

Idan ta tashi wa abokin ɗakinka

Zaunar da shi a miƙe, kada ka kwantar da shi. A buɗe taga, a rage taron jama'a. Girgiza inhelar mai ruwan bula, a fesa sau ɗaya ya shaƙa, a jira rabin minti zuwa minti ɗaya a sake, har zuwa sau 10 idan da buƙata. Maganin ya fi shiga idan an bi ta mazubin shaƙa da ake sayarwa. In babu, robar ruwa ko ta lemo mai rabin lita tana yi: a huda gindinta daidai bakin inhelar, a fesa ciki, ya ja numfashi huɗu zuwa biyar ta bakin robar. Ba dabarar kan titi ba ce, likitocin yara a Afirka ta Kudu sun gwada ta, suka wallafa a 1999 cewa tana aiki kamar ta kanti.

Idan bai iya ƙarasa jimla ba tare da tsayawa ba, ko leɓensa da harshensa sun canja launi, ko ya fara gyangyaɗi da ruɗewa, ko ƙarar ƙirjin ta ɗauke alhali yana ta fama, ko an yi feshi 10 babu sauƙi, to ba zancen kemis. A nemi abin hawa zuwa asibitin makaranta ko asibiti mafi kusa mai iskar oksijin. Ga na Samaru, Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika ba nisa. A ci gaba da ba shi inhela a hanya, a tafi da duk magungunan da yake sha, a kuma faɗa wa ma'aikatan jinya idan an riga an yi masa wata allura.

Maganar ƙarshe ga mu masu ita

Akwai masu jin kunyar fito da inhela a aji, akwai kuma masu cewa wai idan ka fara ba ka dainawa. Inhela ba ta kama jiki. Abin da ya kamata ya dame ka shi ne idan kana buƙatar mai ruwan bular fiye da sau biyu a mako, ko asma na tashinka daga barci, ko kana ƙarar da gwangwani uku a shekara. Wannan alama ce cewa kumburin na nan bai kwanta ba, kana buƙatar inhelar rigakafi, irin su beklometazon ko Symbicort ko Seretide, bisa rubutun likita, tare da kurkure baki bayan an shaƙa. Tun 2019 ƙa'idojin GINA suka daina yarda a bar babba da Ventolin kaɗai. Gaskiya suna da tsada, amma a lissafa da kuɗin kwanciya asibiti da jarrabawar da za ta wuce ka.

Kafin hunturun bana ya yi nisa, rubuta a takarda magungunan da kake sha da waɗanda jikinka ba ya so, ka ajiye a jaka. Nuna wa abokan ɗakinka inda inhelarka take da yadda ake amfani da ita. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya ba mu lafiya, Ya kuma ba mu sa'ar jarrabawa.